Sayen sulallan tarawa daga tashoshin talla na talabijin: tambayoyi da amsoshi

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila sun san irin shirin. Dare ya raba, ka kunna talabijin, sai ga mutum sanye da farar safar hannu yana jujjuya kwandalar azurfa a ƙarƙashin fitila, ga wata lamba a gefen allo tana ta raguwa, ana ce maka saura ƙiris kaya su ƙare. Yanzu irin wannan talla tana shigowa wayoyinmu ta YouTube da Facebook, ko mutum yana Kano ko yana Zinder. Ga tambayoyin da suka fi damun masu sha'awar saye, da waɗanda suka riga suka saya.

Su wane ne ke wannan kasuwanci, kuma yaushe ya fara?

A Amurka aka haife shi. Tashar HSN ta fara a jihar Florida a 1982, ta bazu ƙasar baki ɗaya a 1985. QVC ta biyo baya a 1986 daga jihar Pennsylvania, ta buɗe reshenta na Ingila a 1993, kuma a 2017 kamfanin da ya mallake ta ya haɗiye HSN. Wanda ya kafa QVC, Joseph Segel, shi ne ya kafa Franklin Mint a 1964, wato kamfani mai zaman kansa da ya yi suna wajen buga lambobin tunawa da sulallan ado yana sayar wa jama'a ta hanyar talla. Kenan tun farko sayar da ƙarfe mai ɗauke da labari da sayar da kaya ta talabijin 'yan gida ɗaya ne. Ban da manyan tashoshin, akwai dillalan da ke sayen awa ɗaya ko biyu a ƙananan tashoshi, galibi cikin dare lokacin da kuɗin iska ya fi sauƙi.

Jabu suke sayarwa?

Yawanci a'a. Babbar tasha mai suna da lauyoyi ba za ta so a kama ta da kwandalar bogi ba. In sun ce azurfa ce, akasari azurfa ce. In sun ce an buga ta a 1921, haka ne. Ciwon yana wajen farashi, da kuma abin da ake sa mai kallo ya ɗauka a ransa ba tare da an furta shi ƙarara ba. Ana iya gaya maka gaskiya goma a jere, ka tashi da fahimtar da ba daidai ba.

To me ya sa farashinsu ya fi na shago?

Saboda kai ne za ka biya kuɗin duk abin da idonka ya gani. Lokacin iska yana da tsada. Tasha tana da kasonta, mai gabatarwa yana da albashinsa, masu amsa waya suna da nasu, ga akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle, ga takardar shaida mai hatimi, ga asarar da suke yi a kan kayan da aka mayar. Dillalin da ke zaune a ƙaramin shago ba ya ɗauke da wannan kaya a kansa. Ranar da ka tashi sayarwa kuwa, mai saye ba zai biya ka ko sisin kwabo a kan fitilar ɗakin shiri ko zaƙin bakin mai talla ba. Kwandalar kaɗai zai ɗora a sikeli.

Wannan ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Kwandala tana da farashi biyu, wanda za ka saya da wanda za a saya a hannunka. Talabijin na farkon kawai take nuna maka.

Ta yaya zan san ainihin darajar kwandala kafin in ɗaga waya?

Da lambobi uku, kuma dukansu suna nan kyauta a intanet.

Ta farko ita ce nauyin azurfa ko zinarin da ke ciki. Ana auna su da ozar masu zinari, wadda take giram 31.1. Dalar azurfa ta Amurka mai suna Silver Eagle, da aka fara bugawa a 1986, oza ɗaya ce cif. Tsohuwar dalar Morgan nauyinta giram 26.73 ne, amma kashi 90 cikin 100 ne azurfa, saura tagulla, saboda haka azurfar cikinta oza 0.7734 ce. A ce ozar azurfa tana dala 30 a ranar, to ƙarfen Morgan ɗaya bai wuce dala 23 da 'yan kai ba. Fam ɗin zinari na Ingila da ake kira sovereign nauyinsa giram 7.98 ne, zinarin tsantsa a cikinsa giram 7.32. Krugerrand ta Afirka ta Kudu, da aka fara a 1967, tana da giram 33.93, oza ɗaya ta zinari a ciki. Duk abin da ya ɗaru a kan kuɗin ƙarfe, to kana biyansa ne a kan ƙaranci, ko kyawun jiki, ko labari. Tambayi kanka wanne ne daga cikin ukun.

Ta biyu ita ce adadin da aka buga. Shafin Numista yana da wannan lissafi na kusan kowace ƙasa, kuma masu tara kuɗin Amurka suna da jagoran farashi da suke kira Red Book, wanda ake sabuntawa duk shekara. Bambancin yana da girma ƙwarai. Morgan ta 1893 da aka buga a San Francisco guda 100,000 kacal ce, shi ya sa ko wadda ta sha hannu take da tsada. Morgan ta 1921 kuwa an buga fiye da miliyan 80. Zane ɗaya, nauyi ɗaya, amma tsakanin farashinsu akwai tafiya mai nisa.

Ta uku, wadda ta fi sauran muhimmanci a ganina, ita ce nawa aka sayar da irinta a 'yan makonnin nan. Ban ce nawa aka sa mata ba, kowa yana iya rubuta farashin da ya ga dama. A eBay akwai wurin da za ka tace ka ga kayan da aka riga aka sayar kawai. Gidan gwanjon Heritage da ke Dallas yana ajiye tarihin cinikinsa ga duk wanda ya yi rajista. Rubuta shekara, da alamar gidan da ya buga, da makin da aka ba ta, ka ga abin da mutane suka fitar daga aljihunsu da gaske. Minti goma sun isa. In mai talla yana gaggauta ka har ba ka da minti goman nan, to gaggawar kanta amsa ce.

Mene ne MS70 da First Strike da ake ta nanatawa?

Nan ne talla ta fi ƙarfi, saboda haka bari mu tsaya a kansa.

Masu sana'ar suna ba kwandala maki daga 1 zuwa 70, bisa ma'aunin da William Sheldon ya tsara a 1949. Daga 60 zuwa 70 na waɗanda ba su taɓa shiga hannun jama'a ba ne, abin da haruffan MS ke nufi kenan, kuma 70 na nufin ba a ga aibi ko da an duba da madubin ƙara girma ba. Akwai kamfanonin da aikinsu kenan, su tantance, su ba da maki, su rufe kwandalar a gidan roba mai lamba. Biyu ne kasuwa ta fi yarda da su, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. ANACS ta girme su, tun 1972 take. Ban da sanannun, akwai masu liƙa gidan roba da tambarin da su kaɗai suka san shi, kuma dillalai ba sa kallon makinsu ko kaɗan.

A tsohuwar kwandala, maki ɗaya na iya ninka farashi, domin da wuya a sami wadda ta shekara 130 ba ta ƙwarzane ba. Amma sabuwar kwandala da ta fito daga injin zamani jiya, aka ɗauko ta a akwatin guda 500 aka kai ta kai tsaye wurin tantancewa, samun 69 ko 70 ba abin mamaki ba ne. Manyan dillalai suna tura dubbai a lokaci guda, su ware masu 70 su kai talabijin. Kamfanonin tantancewa suna wallafa yawan da suka ba kowane maki a shafukansu. Duba ka gani. In an ba dubun dubatan irinta maki 70, ina ƙarancin yake? Kuma a ido zalla, mutane ƙalilan ne ke iya bambance 69 da 70.

Shi kuwa First Strike, mai ji zai ɗauka ita ce aka fara bugawa da sabon hatimi. Ma'anarsa a wurin PCGS ita ce an kawo musu kwandalar cikin kwana 30 na farko bayan fitowarta kasuwa. NGC tana da irin wannan tambari mai suna Early Releases. Gidan buga kuɗi na gwamnatin Amurka ya fito fili ya ce shi ba ya ware wasu a matsayin na farkon bugu, yana buga kaya da yawa tun kafin ranar fitarwa, kuma ba ya jera su bisa wadda ta riga wata. Saboda haka takarda ce kake biya wa ƙarin kuɗi. Haka nan tambarin da wani tsohon ma'aikaci ya sa wa hannu, ko mai hoton tuta. Akwai masu tara irin waɗannan takardu don sha'awa, ba laifi. Amma ka san abin da kake saya.

In ka riga ka sayi mai gidan roba, shigar da lambarta a shafin kamfanin. Ana yin gidan robar jabu ma, musamman a kayan da ake tallatawa a kafafen sada zumunta.

An ce ta haura shekara 100. Ai tsufa kaɗai daraja ne, ko?

A'a, ɗan'uwa. Ƙaranci da yawan masu nema su ke sa tsada. Sulallan tagulla na daular Rum daga zamanin sarki Constantine sun haura shekara 1,600, amma ana tono su da yawa har ana samun ɗaya a kan 'yan daloli kaɗan.

Muna da misali a cikin gidajenmu. Liyari, wato kuɗin azurfar nan mai hoton Maria Theresa ta ƙasar Ostiriya da kakanninmu mata ke ratayawa a wuya, da fatake suka yi ciniki da shi daga Tarabulus zuwa Borno da Kano, kusan kowanne da za ka gani 1780 aka rubuta a jikinsa. Shekarar rasuwar sarauniyar ce. 'Yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a Vienna, daga baya har a Landan da Paris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe ana buga shi. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗigo, azurfar ciki kamar giram 23.4. Duk wanda ya nuna maka 1780 ya ce ka biya kuɗin shekara 240, to ya ɓoye maka rabin labari.

Na biyu shi ne kwabo mai huji na 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingilan da ya sauka daga gadon sarauta kafin shekara ta zagayo. A Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ga jama'a ba, amma a Afirka ta Yamma an saki kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, da anini. Labari ne mai daɗin ji, kuma gaskiya ne. Sai dai miliyoyi aka buga, shi ya sa har yau ba su da tsada.

Sulallan da aka yi wa ruwan zinari ko aka shafa wa launi fa?

Waɗannan ne na fi tausaya wa masu sayensu. Daga 1999 zuwa 2008 Amurka ta fitar da kwata, wato kwandalar senti 25, ɗaya ga kowace jiha cikin 50. Biliyoyi aka buga, suna cikin canjin kowa. Jerin gaba ɗaya dala 12 da senti 50 ne. Sai kamfanoni masu zaman kansu suka riƙa yi musu ruwan zinari, su jera a akwati mai kyau. Ruwan ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, ba a iya kankare shi a sami abin kirki. Su kuma masu tarawa na gaske suna ɗaukar kwandalar da aka shafa wa wani abu bayan ta bar gidan bugu a matsayin wadda aka ɓata.

Kula da kalmomin talla. In ka ji an ce an lulluɓe, ko an yi don girmamawa, ko kwaikwayo ne na wata shahararriya, to ba ita ba ce. Dokar Amurka ta 1973 ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin duk kwaikwayon kuɗin tarawa. Neme ta a hoto. A 2004 babban lauyan jihar New York ya kai kamfanin National Collector's Mint kotu a kan wata lamba ta tunawa da harin 11 ga Satumba da aka tallata kamar dalar azurfa ta gwamnati, alhali ruwan azurfa ne siriri a kan wani ƙarfe, kuma kotu ta hana tallar ta sa a mayar wa mutane kuɗinsu.

Na ga kwandalar azurfa da sunan Chadi, wata da sunan Nijar, wata Kamaru. Kuɗinmu ne na gaske?

Ba za ka taɓa karɓarta canji a kasuwar N'Djamena ko ta Maraɗi ba. Kamfanoni a Turai da Amurka ke buga su da sunan wata ƙasa, su rubuta musu ƙima kamar sefa 1,000 ko 5,000, domin a kira su kuɗi maimakon lamba. Ana yin haka da sunan Chadi da Kamaru da Nijar da Ghana da Somaliya da Laberiya, da ƙananan tsibirai irin su Niue da Palau da Tuvalu. Giwar Somaliya ta azurfa, wadda ta yi suna sosai, a birnin Munich na Jamus ake buga ta. Wasunsu zanensu yana da kyau ƙwarai, kuma azurfarsu tsantsa ce. Auna su da farashin oza. In an ce guda 5,000 kawai aka buga, ka tuna gobe kamfanin zai fito da wani sabon zane shi ma guda 5,000, jibi ma haka.

Ina so in ajiye kuɗin sallamata daga aiki a ciki. Shawara?

Don Allah kada ka yi, Malam. Wannan ita ce amsar da ba na sassautawa a kanta.

Ko ƙarfen kansa ba kullum yake hawa ba. Azurfa ta kusa dala 50 a Janairun 1980, lokacin da 'yan gidan Hunt na Texas suka yi yunƙurin mamaye kasuwarta, ta rikito cikin watanni biyu, kuma sai a 2011 ta sake leƙa wannan farashi. Daga nan ta sauko ƙasa da dala 14 a ƙarshen 2015. Zinari ya taɓa dala 850 a 1980, a 1999 yana wajen dala 250. Kasuwar tsofaffin sulallan Amurka ta yi tashin gwauron zabo a 1989, ta faɗi, kuma da yawa daga cikinsu sun daɗe ba su farfaɗo ba. Wanda ya saya a daidai farashin kasuwa ma yana iya jiran shekaru. Ina ga wanda ya fara da biyan ninki?

Masu talla suna son ambaton kwandalar zinari ta 1933 da aka sayar dala miliyan 18.9 a New York a 2021, ko dalar 1794 da ta kai dala miliyan 10 a 2013. Gaskiya ne. Akwai ma dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira da aka sayar fam miliyan 3.7 a Landan a 2011. Amma irin waɗannan ba a tara su ɗari-ɗari a ɗakin ajiya ana jiran kiran waya. Abin da za a iya sayar wa dubban masu kallo a dare ɗaya dole ya kasance mai yawa ne.

In zinari ko azurfa kake so don adana dukiya, nemi kwandalar oza ta yau da kullum wadda ba ta da gidan roba, a wurin dillalin da zai gaya maka farashin sayarwa da na saye a lokaci guda. Mazauna Ingila su sani ana biyan harajin VAT na kashi 20 a kan azurfa, zinarin ajiya kuwa an yafe masa. A Amurka harajin ribar kayan tarawa yana iya kai kashi 28, ya ɗara na hannun jari.

Suna ba da damar biya kashi-kashi ba ƙarin kuɗi. Ya halatta?

Wannan tambaya ta malamai ce, amma ga abin da ya kamata ka kai musu. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke Sahihu Muslim ya sharɗanta cewa musayar zinari da azurfa ta kasance hannu da hannu. Mafi yawan malaman zamani suna ɗaukar kuɗin takarda a matsayin da ya maye gurbin dinari da dirhami, don haka suke hana sayen zinari ko azurfa bashi ko a biya kaɗan-kaɗan, ko da ba a ƙara kwabo ba. Kwandalar tagulla da aka daina ciniki da ita hukuncinta daban ne. Bayyana wa malaminka irin ƙarfen, da yadda ake biya, da lokacin da kaya ke isowa.

Ta fuskar aljihu kuma, raba farashi gida biyar yana sa dala 200 ta yi kama da dala 40. Kullum ka haɗa jimla, da kuɗin aikowa, kafin ka kwatanta.

Akwai zakka a kansu?

In zinari ne ko azurfa, akwai, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Nisabin zinari miskali 20 ne, wajen giram 85. Na azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595. Ana fitar da ɗaya bisa arba'in. Silver Eagle 20 sun haura nisabin azurfa, haka sovereign 12 a zinari. Mutane da yawa suna mantawa da wannan domin suna kallon kayan a matsayin abin sha'awa cikin akwati.

Tun da mahaifiyata ta sayi ɗaya, waya ba ta huta ba. Yaya zan yi?

Wannan ya fi tallar kanta haɗari. A wurin wasu dillalai, kwandala mai araha da ake nunawa a allo ƙofa ce kawai. Da zarar an sami lambar mutum, sai a haɗa shi da wani mai kira da zai riƙa gaishe shi, ya tambayi jikoki, sannan ya ce ga wata dama ta musamman da ba a nuna wa kowa ba. Tsofaffi masu zaman kaɗaici su ne suka fi faɗawa. A 2012 kamfanin Goldline, wanda ya yi ta talla a talabijin da rediyo, ya amince ya mayar wa masu saye kuɗi har dala miliyan 4.5 bayan ƙarar da hukumomin birnin Santa Monica suka shigar a kan yadda ake karkatar da masu neman zinarin oza zuwa sulalla masu tsada.

Kada ki yi wa Hajiya faɗa, 'yar'uwa. Kunya ce ke sa iyaye su ɓoye, ɓoyewa kuma ita ke ƙara asara. Zauna da ita ku duba takardun banki tare. Bincika ko an sa ta cikin tsarin da ake aiko sabuwar kwandala duk wata ana cirar kuɗi, ku soke shi a rubuce. Ku nemi a cire lambarta daga jerin masu kira. In akwai alamar yaudara, a Amurka ana kai ƙara hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye, ko ofishin babban lauyan jiha.

Zan iya mayar da abin da na saya?

Manyan tashoshi galibi suna ba da wajen kwana 30, amma karanta sharaɗin kayan da ka saya, domin na zinari da azurfa yakan bambanta. A Ingila doka ta ba mai saye daga nesa kwana 14, sai dai ta keɓe kayan da farashinsu ke bin hawa da saukar kasuwar kuɗi. Ranar da kaya suka iso, kai su shagon dillali biyu ka ce su taya. Tayin da ka ji shi zai gaya maka ko ka riƙe ko ka mayar tun lokaci bai ƙure ba. Kada ka fasa gidan roba, kada ka yar da kwali.

Ta yi duhu. In goge ta da toka ko lemun tsami?

Kul. Gogewa tana cire fatar asali, ta bar ƙananan zane-zane, kuma tana iya zubar da rabin daraja ko fiye. Masu tarawa sun fi son duhun tsufa. Riƙe ta ta gefe, ajiye ta inda babu laima.

Mahaifinmu ya rasu ya bar akwatuna cike da irin waɗannan. Ta ina za mu fara?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ku raba gado bisa rasiɗin da ya bari, domin wanda ya sami akwati mai rasiɗin dala 1,000 zai iya tarar da abin dala 200 ne a ciki, a zalunce shi ba da niyya ba. Ku ware kayan gida uku: zinari da azurfa na gaske, masu gidan robar PCGS ko NGC, sai masu ruwan zinari da launi. A kuɗin Amurka, duk senti 10 da 25 da 50 na 1964 zuwa baya kashi 90 azurfa ne, rabin dala ta 1965 zuwa 1970 kuma kashi 40. Ƙaramin sikeli mai auna giram da maganaɗisu za su taimaka, domin zinari da azurfa ba sa manne wa maganaɗisu, ko da yake rashin mannewa kaɗai bai isa hujja ba. Ku nemi tayi daga dillalai uku, a rubuce, a gaban magada ko wakilansu. Ku shirya zukatanku, jimlar za ta iya gaza abin da ya kashe. Wannan ba ya rage masa komai, ya sayi abin da ya faranta masa rai.

Kenan ko kaɗan kada a saya a talabijin?

Ban ce haka ba. Mutane da yawa ta nan suka fara sanin wannan sha'awa, kuma wasu masu gabatarwa sun san tarihi sosai, ana ƙaruwa da sauraronsu. Wani lokaci suna kawo abu mai labari na gaske, kamar zinarin jirgin ruwan Central America da ya nutse a 1857, ko tsofaffin dalolin azurfa bugun garin Carson City da gwamnatin Amurka ta fito da su daga rumbunta ta sayar tsakanin 1972 da 1980. In ka duba lambobin nan uku, ka ga ƙarin bai fi ƙarfinka ba, kana son abin don ka ba ɗanka kyauta ko ka ajiye kana kallo, saya, Allah ya sa albarka. Sababbin sulallan Amurka da na Ingila kuwa, gidajen buga kuɗin gwamnatocin biyu suna sayar da na masu tarawa kai tsaye a shafukansu, ka fara duba can.

Ina zaune a Najeriya, ina sha'awar tarawa. Da me zan fara?

Da abin da ke cikin tsohon kwanon kakarka. Kuɗin da Turawa suka kawo lokacin da ake barin wuri suna da tarihi mai yawa kuma ba su da tsada. Aninin 1907 da 1908 na gorar ruwa yana cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, kafin a koma wani saboda yana saurin lalacewa. A jikin kwabo da anini akwai tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fitar da taro da sisi da sule da fataka, na farkonsu na azurfa ne kafin a sauya ƙarfe bayan yaƙin duniya na ɗaya. Sai sulallan Tarayyar Najeriya masu shekarar 1959, sai naira da kwabo daga 1 ga Janairun 1973. Jera su shekara-shekara, ka lura da ƙaramin harafin H ko KN da ke nuna gidan da ya buga a Birmingham. Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja ga mai son ganin jerin a cike.

Ka kuma yi hattara da jita-jitar cewa ana sayen kwabo mai huji miliyoyin naira. Mai wannan magana yakan nemi ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista kafin ya haɗa ka da mai saye. Dillali na gaske yana duba kwandala ya taya a take, ba ya karɓar komai daga hannun mai kaya.